Ranar da na zubar da aikin wata uku

Shekara tara na yi ina aikin labo a nan Maradi kafin in koma karatu. Hannuna ya faɗa sosai. Idan damina ta kankama, daga Agusta zuwa Oktoba, yini nake ina leƙen madubi ina neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jini, har idanuna su yi ja. Ba zan ɓoye ba, matsayi da albashi ne suka fara tura ni neman mastar. A tsarin jami'o'inmu lisansi shekara 3 ce, mastar 2, sannan doktora, kuma mai lisansi yakan daɗe a tsaye wuri guda. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan garinmu da sashenta na kiwon lafiya, amma ni a Yamai na samu gurbi, a fannin ƙwayoyin cuta. A ƙarshen 2022 na bar ƴaƴana biyu wajen Inna, na hau mota da asuba, tafiyar fiye da kilomita 650.

Shekarar farko ta aji ce. Lissafin ƙididdiga ya ba ni wuya, Turancin Ingilishi ma haka, domin da Faransanci muka yi karatu, yawancin rahotannin bincike kuwa da Ingilishi ake buga su. Na wuce dai, da taimakon Allah da na wata ƙawata Bazabarma da muke raba dare muna bita.

A shekara ta biyu ake rubuta kundin bincike. Na je wa malamin da ke duba aikina da babban buri, ina son aikin PCR, gwajin da ke gano ƙwayar cuta ta ƙwayoyin halittarta, irin wanda ake yi a CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni kayan da ke kan teburina a Maradi. Na lissafa masa. Ya ce, "To Malama, ki ɗauki abin da teburin nan zai iya ɗauka." Muka tsaya a kan cutar mafitsara: wace ƙwaya ce ke kawo ta ga mutanenmu, kuma wane magani ne har yanzu take ji.

Ga yadda aikin yake. A shuka fitsari a faranti mai abincin ƙwayoyi, ya kwana a akwatin ɗumi. Idan ƙwaya ta tsiro a gane ta, a dama ta a ruwan gishiri daidai kaurin da ake kira 0.5 McFarland, a shafe farantin Mueller-Hinton da ita, a jera ƴan ƙananan faya-fayan takarda a kai, kowanne jiƙe da magani iri guda. Bayan awa 16 zuwa 20 a zafin digiri 35, maganin da ke aiki zai share fili kewaye da faifansa. Sai a sa ma'auni a auna faɗin filin da milimita. Fili mai faɗi, ƙwaya na jin magani. Ƙaramin fili, ta bijire.

Na dawo gida a lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kowa a Maradi ya san yadda watannin nan suka kasance. Injin wuta na tashi yana mutuwa, firijo ya yi sanyi da dare, da rana ya koma kamar tukunya. Ni hankalina duk yana kan akwatin ɗumi. Faya-fayan magani suna cikin firijo, na ɗauka sun tsira.

Wajen wata na uku na fara ganin abin da ya sa gabana faɗuwa, kuma, in faɗi gaskiya, ya sa ni zumuɗi. Ƙwayoyin E. coli, masu yawan kawo cutar mafitsara, ɗaya bayan ɗaya suna bijire wa imipenem, maganin da ake ajiyewa sai an rasa mafita. Na kira malam ina ba shi labari da sauri, har ina hango kundina a mujalla. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Nawa ƙwayar shaida ta ba ki?"

Ban da amsa. Ƙwayar shaida ita ce E. coli ATCC 25922, wadda duk duniya aka san faɗin filin da ya kamata kowane faifai ya share mata. Na karanta ta, na ci jarrabawa a kanta, amma a shekara tara na aiki ban taɓa shuka ta da hannuna ba. Ya aiko mini da ita daga Yamai cikin kwali, ta hannun direba. Imipenem ya kamata ya ba da milimita 26 zuwa 32. Na auna 19. Na sake shukawa, washegari na sake aunawa, bai canza ba. Maganin da ke cikin faifan ne ya mutu. Imipenem da sinadarin clavulanate, wanda ake haɗawa da maganin amoxicillin, ba sa jure zafi da laima, ni kuma ina fitar da bututun faya-fayan daga firijo in buɗe shi nan take, raɓa ta sauka a ciki, in mayar.

Daren nan ban yi barci ba. Asarar wata uku ta dame ni, amma akwai abin da ya fi ta ciwo. Wasu sakamakon sun riga sun fita da sa hannuna. Na tuna wani dattijo daga wajen Tibiri da ya kawo fitsarin matarsa. Na rubuta cewa amoxicillin mai clavulanate ba zai yi mata ba, likita ya rubuta allura. Na gan shi a bakin ƙofa ya kwance bakin rawaninsa, yana ƙirga ƴan jikkuna da tsaba, ya ƙirga ya sake ƙirgawa. Mai yiwuwa ƙwayar haɗiya mai sauƙin kuɗi ta ishe ta. Da safe na tafi wajen shugaban labo na faɗa masa komai, muka fito da rajista muka sanar da likitocin da abin ya shafa.

Na sayi sababbin faya-fayai da kuɗin adashina. Na sa su a gwangwani mai murfi da ƙunshin shanye laima, na roƙi gurbi a wani firijo mai aiki da hasken rana. Idan na fito da su sai sun yi awa guda sun huce kafin in buɗe. Na rataya ma'aunin zafi a firijo da akwatin ɗumi, ina rubutawa safe da yamma. Ƙwayoyin da na adana a kwalabe na sake gwada su, sauran na cire su daga lissafi gaba ɗaya.

Bijirewar imipenem ta ɓace. Amma wata ta tsaya daram, kuma wannan karon ina iya rantsuwa a kanta: ƙwayoyi masu narkar da maganin allura ceftriaxone da danginsa, waɗanda ake gane su idan filin da ke tsakanin faifai biyu ya kumbura kamar wuyan tulu. Wanda ya san yadda ake sayar da kafso a tire a kasuwa da tasha, biyu na safe biyu na dare, mutum ya daina da ya ji dama, ba zai yi mamaki ba. Ranar kare kundi, wani daga cikin alƙalan ya fi daɗewa a shafin da na bayyana abin da na zubar da dalilin zubarwa fiye da kowane shafi.

Ƙannena masu niyyar mastar suna tambayata, ni kuwa abu kaɗan nake ce musu. Ku nemi izinin wurin aiki a rubuce kafin ku biya kuɗin rajista. Ku tanadi kuɗin kayan bincike daban, domin sau da yawa daga aljihun ɗalibi suke fita. Ku zaɓi malamin da ke ɗaga waya, ko da bai kai wani suna ba. Mace mai ƴaƴa kuma ta zauna da mijinta da iyayenta a yi magana a buɗe tun farko, don shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Inna ta riƙe mini gida, ban san da me zan biya ta ba.

Yanzu duk Litinin muna shuka ƙwayar shaida. Watan jiya wata ɗaliba mai koyon aiki ta auna filin imipenem, ta ɗago kai ta ce, "Anti, 23 na samu." Na karɓi ma'aunin na duba, haka ne. Muka riƙe sakamakon ranar duka, muka buɗe sabon bututu. A waje akwai wani tsoho da ya zo tun safe daga Madarunfa. Na fita na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai gobe da azahar." Ya ce kuɗin mota fa, ɗiyata? Na karɓi lambar wayar ɗansa, na ce ba sai ya dawo ba, ni zan kai wa likita takardar da kaina in kira su.