Farhad da dutsen Bisotun

Asabar, bayan isha'i.

Wani hoto ne ya hana ni sakat yau tun azahar. Ina ta duba zane-zanen tsofaffin littattafan Farisa a waya, irin na rubutun hannun nan da ake ƙawatawa da ruwan zinare, sai ga wani mutum ya saɓa doki guda a kafaɗa, kan dokin kuma mace ce zaune da adonta, bayansu duwatsu an shafa musu shuɗi da ja-ja. Ƙafafun dokin na reto a iska, shi kuma ya duƙa kansa na ƙasa, ko kallonta ba ya iya yi. Ashe Farhad ne da Shirin, daga waƙar Nizami mutumin Ganja (tana Azarbaijan yanzu) da ya rubuta wajen 1180, kafin ma ya yi ta Laila da Majnun a 1188 wadda mu muka fi sani.

Gara Majnun wallahi, shi ai Laila tana sonsa raba su aka yi. Farhad kuwa masassaƙin dutse ne kawai, an kira shi aiki ya sassaƙa magudana cikin dutse don madara ta riƙa gangarowa daga makiyaya zuwa gidan Shirin, muryarta ya ji shi kenan ya zauce. Da ya gama ta cire 'yan kunnenta ta ba shi ladan aiki, ya zube su a ƙafarta ya shige daji. Ita zuciyarta na wajen sarki Khusrau, wato Kisra ɗin nan da ya mulki Farisa daga 590 zuwa 628, wanda muka karanta a sira ya yaga wasiƙar Manzon Allah (SAW), sai da na ajiye wayar da na gane shi ne.

Kishi ya ci sarki, ya gwada Farhad da dukiya ya ƙi, sai ya ce to ya fasa hanya ta tsakiyar dutsen Bisotun in ya gama zai bar masa ita, don ya san ba aikin ɗan Adam ba ne. Bawan Allah ya kama sara dare da rana. Wata rana Shirin ta je ganinsa, za ta koma dokinta ya gaza, shi ne ya ɗauke su duka biyun. Wannan wajen ne masu zane suka yi ta maimaitawa ɗaruruwan shekaru kuma na ga dalili, a duk labarin nan ne kaɗai ta zo kusa da shi haka, shi ma a matsayin ɗan dako.

Da sarki ya ga aikin zai ƙare sai ya aika masa da ƙarya wai Shirin ta rasu. Ya yi jifa da gatarinsa ya faɗi ya mutu, ƙotar gatarin ta icen rumman ce, aka ce ta tsiro ta zama bishiya. Har yau kusa da Kermanshah a Iran akwai wani faffaɗan gefen dutse da aka sassaƙe sumul, da sunan Farhad ake kiransa.

Muna gyaran wake da la'asar na ba Yaya labarin, ta ce "ke Auta, son maso wani ai ƙoshin wahala ne, shi ya sa kansa." Na ce "Yaya ai ba rashin son ne ya kashe shi ba, da shi yake rayuwa yana aikinsa, ƙaryar mai mulki ce ta kashe shi." Ni ban ga laifin Shirin ba sam, ba ta yi masa alkawari ba, kuma ita ta gina masa ƙubba a kan kabari ta yi makoki. Sarkin har wasiƙar ta'aziyya ya aika mata mai cike da gatse, da matarsa Maryam ta mutu ita ma ta rama masa da irinta. Yaya ta ce gobe in nemo mata wannan wasiƙar ta biyu in karanta mata, ita nan take son ji.