Wani littafin gwal ne, wani tumatir: sirrin saro littattafan jami'a

A shagon littattafan jami'a, abin da ke karya jari shi ne rashin sanin wane littafi ke tsufa a kan kanta. Mu masu ƙananan shaguna a kusa da makarantu irin ABU ta Samaru da BUK, kowane fanni da irin sarin da muke yi masa.

Ɗauki nazarin rukuni, reshen aljabara da ɗaliban lissafi ke yi. Cikin manyan masanan fannin, Galois ya rasu a 1832, Sylow ya fitar da ka'idojinsa a 1872, kuma har gobe su ake koyarwa. Bugun shekara talatin da suka wuce yana nan daram. Matsalarsa jinkiri: masu saye kaɗan ne, galibi malamai da masu digiri na biyu. Kwafi uku zuwa biyar sun isa, kuma bugun Indiya mai bango mai laushi ya fi tafiya saboda sauƙin kuɗi. Kafin ka biya, buɗe tsakiyarsa ka duba ƙananan alamomin da ke saman haruffa da ƙasansu. A bugu marar kyau suna dusashewa, lamba ɗaya ta ɓace, hujja gaba ɗaya ta rikice, a dawo maka da shi.

Littafin ƙa'idojin shari'ar madaniyya kuwa tumatir ne. Kowace babbar kotun jiha da nata dokokin shigar da ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta sabunta nata a 2019, Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2021, Dokar Shaida ta 2011 ma an yi mata gyara a 2023. Ranar da sababbi suka fito, tsohon bugun da ke hannunka ya koma takardar ƙunshe ƙosai, don ba lauyan da zai ƙirga kwanakin mayar da martani da dokar da aka soke. Shi ya sa ba ma cika sito da shi. A saro kaɗan, daidai lokacin da Makarantar Horas da Lauyoyi ta ɗebi sababbin ɗalibai, irin reshenta na Bagauda, a kuma nemi dillali ya yarda da mayar da ragowa. Mai saye ya shigo, tambaya ta farko ita ce: “Barista, a wace kotu?” Wanda ke aiki a Kano ka miƙa masa dokokin Legas, ka yi asarar abokin ciniki.

Na harkar gini suna tsakiya. Ingila ta janye ma'auninta na kankare, BS 8110, a 2010, ta koma na Turai, wato Eurocode 2, amma injiniyoyi da yawa a nan da tsohon suka saba, saboda haka duka biyun ake ajiyewa. Haka kundin kwangila na FIDIC, akwai na 1999 akwai na 2017, kuma ɗan kwangila wanda aka rubuta a yarjejeniyarsa yake nema, ko da kuwa tsohon ne. A guji littattafan Amurka masu awo da ƙafa da fam, mai ƙididdigar kuɗin gini a nan da mita da kilo yake lissafi.

Sai jabu. Takardarsa shara-shara ce har rubutun baya na leƙowa, zanen gini ya yi baƙi ƙirin, gam ne kawai a ƙeyarsa babu ɗinki, zafin Afrilu ɗaya shafuka su fara zubewa. Ribarsa na da daɗi, amma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ba ta bar mai sayarwa ba.

Ajiya kuma, a ɗaga kanta daga ƙasa kamar inci shida, a raba ta da bango saboda gara da danshin damina. Manyan littattafan shari'a a kwantar da su, in sun daɗe a tsaye nauyinsu na yage su daga bangonsu.