Yadda na nemo zaman masu barin giya a New York

Tuƙin tasi na dare a New York aiki ne mai rufa wa mashayi asiri. Ka tashi aiki gab da asuba, ka tsaya shagon kan kwana ka sayi gwangwanayen giya, ba mai ganinka. Ranar Juma'a ka zura jallabiya ka tafi masallaci a Bronx, 'yan'uwa na Nijar da Ghana suna ta ce maka Malam. Na daɗe a haka, har sai da hannuna ya fara karkarwa a kan sitiyari.

Likita na fara gani, kuma shawarar da nake ba duk wanda ya jima yana sha kullum ke nan. Ta ce kada in kuskura in yanke lokaci guda ni kaɗai a ɗaki, domin jikin da ya saba kan iya jijjiga ko mutum ya ruɗe cikin kwana biyu zuwa uku, abin har kisa yana yi. Ta ba ni magani, sannan ta ce in nemi zaman Alcoholics Anonymous, wato AA, ƙungiyar da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da Dokta Bob Smith, suka fara a garin Akron na jihar Ohio a 1935.

Neman wurin ba wuya. Akwai manhajar Meeting Guide, kyauta ce, tana nuna zaman da ke kusa da kai da lokacinsa. Wani a buɗe yake ga kowa, har iyali. Wani na masu son barin sha ne kawai. Akwai na sababbin zuwa, akwai na maza zalla da na mata zalla. Ni kuwa na tsallake duk na unguwarmu na zaɓi wani can cikin Manhattan, saboda kunya. Tsoron kada a gan ni ya fi tsoron giyar kanta ƙarfi a lokacin.

Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne wurin: ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata coci. Daga baya na gane haya suke yi, ba ruwan cocin da zaman. Kujerun ƙarfe masu naɗewa, tukunyar kofi a gefe, da kwandon da ake zagayawa da shi kowa ya jefa dala ɗaya ko biyu in yana da ita, don ƙungiyar ba ta karɓar kuɗin waje. Ba rajista, ba katin shaida, sunan farko kawai ake faɗa. Sababbi sukan ɗaga hannu su faɗi kwanakin da suka yi ba su sha ba, har su kai 90, a tafa musu ko da kwana ɗaya ne.

Ni da na taso cikin nasiha, na zauna ina jiran wanda zai fara min wa'azi. Shiru. Ƙa'idar ita ce kowa ya yi maganar kansa, ba mai katse wani, ba mai gyara wa wani zance. Wata tsohuwa ta ba da labarin yadda take ɓoye kwalba a kwandon wanki, na ji kamar ta leƙa bayan motata. Mu a gida mun iya faɗa wa mashayi cewa haramun ne, alhali ya fi kowa sani. Abin da ba shi da shi shi ne wanda zai kira ƙarfe uku na dare idan sha'awar ta taso. A can kafin in fita mutane sun rubuta min lambobin wayarsu a bayan wata takarda.

Batun addini sai da na yi ta juya shi. Matakai 12 na AA, waɗanda ake bi don barin sha, suna ambaton Allah gwargwadon yadda kowa ya fahimce Shi, kuma a wasu wuraren ana rufe zama da addu'ar Kirista. Nakan tsaya shiru in yi tawa a zuci, ba wanda ya taɓa tambayata. Wanda hakan bai kwanta masa ba, akwai wasu ƙungiyoyin masu barin shaye-shaye: Millati Islami da Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989, akwai kuma SMART Recovery wadda ba ta ɗora tsarinta a kan addini ba. Ko a cikin AA ɗin zama ya bambanta: wani na je surutu ya yi yawa ban koma ba, wani kuma na ji kamar don ni aka shirya shi. Kada zama ɗaya ya sa mutum ya yanke hukunci.

Wata ranar Talata, ina zuba kofi, na ɗaga kai sai ga wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci. Gabana ya faɗi. Ya matso ya ce da Hausa, "Ƙanena, abin da ya kawo ka shi ya kawo ni." Na ce, "Yaya, don Allah..." Ya ce, "Ba sai ka faɗa ba."

Shi ne jagorana yanzu, shi nake kira kafin in fita aiki. Shi ya sa na daina wahalar zuwa Manhattan na koma zaman da ke unguwarmu, inda aka ɗora min jera kujeru kafin mutane su iso.