Bayan an zare wa mai ƙiba bututun numfashi

Ranar da aka zare wa majinyaci bututun na'urar numfashi rana ce ta murna ga 'yan uwansa, domin a ranar suke sake jin muryarsa, ko da a dishe take. Mu kuwa masu aikin jinya a ɗakin kulawa ta musamman, a ranar muke ƙara sa ido, balle idan majinyacin mai ƙiba ne, wato wanda ma'aunin da ke kwatanta nauyinsa da tsawonsa, wanda ake kira BMI, ya kai 30 ko ya zarce.

Muddin bututu na cikin maƙogwaro, na'ura ce ke riƙe huhu a buɗe da matsin iska. Da zarar an zare shi sai matsin ya tafi, teɓa ta tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama, nauyin ƙirji ya danno, ƙananan jakunkunan iska na ƙasan huhu su fara rufewa. Ga kitsen wuya da ke ƙuntata hanyar iska, ga kuma cewa da yawansu numfashinsu yakan ɗauke a cikin barci ba tare da an taɓa gano hakan ba, iyali dai minshari kawai suka sani. Idan aka haɗa da maganin kashe zafi mai ƙarfi irin su mofin, sai abin ya ƙara tsananta.

Na sha ganin yadda yake farawa. Za a jingine mutum da kyau, bayan awa guda ya zame ƙasan gado, ciki ya hau ƙirji, haɓa ta sunkuya, maganarsa ta koma kalma biyu-biyu, gumi ya tsatso masa a goshi. Abin da ya fi damuna shi ne, na'urar da ke maƙale a yatsa tana iya nuna oksijin lafiya lau alhali gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar tana taruwa a jini, kuma barcin da ke fisgarsa, wanda masu jinya ke ɗauka hutu ne, shi ne alamar.

Oksijin zalla ba ya buɗe huhun da ya rufe. Akwai bututun hanci mai turo iska mai ɗumi da laima har lita 60 a minti, wanda majinyata ke jin daɗinsa, sai dai matsinsa kaɗan ne. Akwai kuma takunkumin da ake ɗaurewa a fuska, na'ura na tura iska da matsi ta cikinsa. Wani bincike da aka yi a Faransa kan masu ƙiba 981, wanda aka wallafa a 2023, ya nuna cewa cikin kwana uku taimakon ya gaza ga kashi 13.5 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa takunkumin, amma ya gaza ga kashi 26.5 na waɗanda aka ba oksijin ba tare da takunkumin ba. Gaskiya ta wajabta in ƙara da cewa yawancin ratar ta fito ne daga waɗanda dole aka sauya musu zuwa takunkumin, domin yawan waɗanda aka mayar wa bututun maƙogwaro bai bambanta sosai ba. Duk da haka, ni ina ganin gara a fara da wuri da a jira mutum ya soma haki.

Takunkumin ba daɗi gare shi ba. Yana gurje karan hanci, yana busar da baki, yana kumbura ciki, wani ma ji yake kamar an shaƙe shi. Shi ya sa nakan fara riƙe masa da hannuna ina yi masa bayani kafin in ɗaure igiyar, a fara da matsi kaɗan, a riƙa ba shi hutu da bututun hanci don ya sha ruwa ya fitar da kaki, a kuma ɗaga kan gadon digiri 30 zuwa 45, a gyara masa zama duk lokacin da ya zame.

Ba a sa takunkumin ga mai amai ko wanda hankalinsa ya gushe. Idan kuma an sa, numfashi ya ci gaba da sauri, gwajin jini na ƙara lalacewa, to a mayar da bututun maƙogwaro tun da sauran ƙarfi a jikinsa, a tanadi ƙwararre da kayan aiki tun kafin lokacin, domin sa wa mai ƙiba bututu cikin gaggawa yana da wuya, kuma oksijin ɗinsa kan faɗi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.