Ido ba mudu ba ne

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Aiki a sashen duba yara masu zuwa su koma gida ya sa na daina yarda da ƙarshen karin maganar nan.

Ina sabuwa a wurin wata tsohuwa ta kawo jikanta ɗan wata 20, gudawa ta hana shi sakat. Kumatu cike, ƙafafu ɓul-ɓul. Na ɗora shi a sikeli, nauyin bai tayar mini da hankali ba, na rubuta ruwan gishiri da sukari zan sallame su. Babbar sistar da ke koya mini aiki ta zo wucewa, ta ja ta tsaya. Ta danna manyan yatsunta a saman ƙafafunsa biyu, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Ƙanwata, wannan ai ruwa ne kika auna," in ji ta.

Kumburin ƙafa biyu shi kaɗai ya isa a ce tamowa ce mai tsanani, kome sikeli ya nuna. Sai a lokacin na lura gashinsa ya yi ja, ya yi laushi. Ko ruwan da na rubuta ma gishirinsa ya yi wa irin wannan yaro yawa, akwai nasu daban. Kakar kuwa cewa take, "Sista, ai ya fara ƙiba ne bayan yaye."

Tun daga ranar maɗaurin awon dantse ba ya barin aljihuna. Duk yaron da ke tsakanin wata 6 da 59 sai na auna tsakiyar dantsensa na hagu, ko ƙaiƙayi ya kawo shi. A jikin maɗaurin, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 rawaya, wato matsakaiciya. Rawayan nan su ne ido ya fi tsallakewa, don suna wasa, suna dariya.

Awon tsayi shi muka fi yi wa ha'inci. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi a kan allo, kuma sai mutum biyu, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya miƙar da gwiwoyi yana ta callara kuka. Ranar da layi ya kai bakin ƙofa sai ka ga an bar gurbin fayau. Alhali ba tsayi ba a gane tsumburewa, wadda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu a yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya. Ga kuma rikicin shekaru: uwa da yawa ba ta riƙe ranar haihuwa ba, sai dai mu yi ta laluben ko kafin azumi ne, ko bayan Babbar Sallah, da damina ko da sanyi.

Ɗaya ɓangaren, wato na yara masu ƙiba fiye da ƙima, ya fi ba ni wuya. Wani ɗan shekara tara da aka kawo saboda tari, bayan wuyansa ya yi baƙi ya yi kauri, mahaifiyarsa ta ce ta gaji da dirza shi da soso. Ba dauɗa ba ce. Alama ce da kan biyo bayan teɓa, jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Da na haɗa nauyinsa da tsayinsa a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, na 'yan shekara 5 zuwa 19, ya haye layin ƙarshe na teɓa. Lemon kwalba kullum a jakar makaranta, taliyar leda da dare, wasa kuma a waya.

Amma je ka ce wa uwa ɗanta ya yi ƙiba da yawa! Wata ta ji kamar kambun baka kake masa, wata ta ce ƙoshi ne, rufin asirin Allah. Yanzu da "tubarkalla" nake farawa, sannan in juyo mata jadawalin ta ga ɗigon da idonta.

Uwar mai tamowa takan dawo ranar da aka sa mata, don akwai ledar abincin gyaɗa da za ta karɓa. Uwar mai teɓa shawara kawai muke da ita da za mu ba ta. Na rubuta wa yaron nan ranar dawowa bayan wata ɗaya. Katinsa na nan a durowa, ba a ƙara rubutu a kai ba.