Kafin in tura wa mutum metal

Sana'ata turi ce. Ina da ɗan teburi da kwamfuta kusa da babbar kasuwar Maradi, ina zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori. Abin da aka fi nema sananne ne: waƙoƙin Kano, wa'azi, karatu, Indiya mai fassara. Sai wasu 'yan tsiraru, galibi ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da malaman makaranta da suka zauna Yamai, masu son kiɗan gitar lantarki na Turawa, har da metal, wato nau'insa mai nauyi da ƙara. Su ne suka fi koya mini aiki.

Maganarsu kusan ɗaya ce: "Malam, ina jin AC/DC da Scorpions da Deep Purple, ba ni metal in gwada." Maigidan da ya koya mini sana'ar yakan ce kada ka zuba wa mutum komai sai ka leƙa abin da ke memorinsa. Ni na ƙara da tambaya guda: wane wuri a waƙar kake maido shi baya? Mutum biyu za su ambaci ƙungiya ɗaya, amma wannan murya ce ta kama shi, wancan kuwa gita.

Mai son Deep Purple ba shi da wuyar sha'ani. Mai gitarsu, Ritchie Blackmore, ya bar su a 1975 ya kafa Rainbow tare da mawaƙi Ronnie James Dio, shi kuma Dio daga baya ya koma Black Sabbath suka fitar da kundi a 1980. Haka nake jera masa su. Hannun Blackmore ya riga ya san shi, sai ya saba da muryar Dio, muryar kuma ta kai shi Sabbath bai ma lura ya tsallaka ba. Wanda murya mai tashi sama ta kai shi ga Scorpions, Judas Priest nake ba shi, na wajajen 1980.

Idan nauyin kiɗan ne ke burge mutum, sai Sabbath ta farko, ta 1970, kuma ba na turawa ba tare da labarin mai gitarsu Tony Iommi ba. Yana saurayi a Birmingham injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu. Ya narka roba ya yi musu hula, daga baya ya sassauta wayoyin gitar don rage zafin dannawa, sai sautin ya yi ƙasa, ya yi kauri. Wani mai walda da na ba labarin ya dubi nasa yatsun ya ce, "To sa mu ji."

Akwai kuma waɗanda ta gitar Agadas suka shigo, ta Bombino da Mdou Moctar. Shi Mdou, bahago ne kamar Iommi, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa, wato irin aikinmu ne ya ɗauke shi. Waɗannan sun saba da gita mai dogon zance, don haka Iron Maiden ta fi dacewa da su. Bas ɗin Steve Harris na ƙungiyar, wato gita mai kaurin sauti, sukuwa yake kamar dokin hawan sallah. Sai dai nakan faɗa musu tun farko cewa hotunan kundinsu ƙwarangwal ne da aljanu. A garinmu waya tana yawo daga hannun ƙane zuwa na uwa, kuma ba na son a zo mini da ƙorafi. Wanda ya so, na cire hoton.

Metallica kowa ya ji sunanta. Kundin 1991 mai baƙin bango nake fara bayarwa, na 1986 ya jira, waƙoƙinsa sun fi gudu da tsawo. Masu gurnani a maƙogwaro kuwa, irin na death metal, ba na tura wa sabon shiga ko da ya roƙa, don da ya ji zai ce duk metal hauka ne.

Kuma ba na cika memori. Waƙa biyar sun isa, in ce ya dawo ya faɗa mini wadda ya goge.