Daga gonakin Tabarjal zuwa Jidda: abin da aikin yanka tikiti ya koya mana

'Yan'uwanmu da ke aiki a gonakin zaitun na yankin Jauf a arewacin Saudiyya, a ƙauyukan da ke kewaye da Tabarjal, tambayarsu ta farko in za su sauko Jidda ita ce: kilomita nawa ne a jirgi? Amsar ba wuya. Daga filin jirgin Ƙurayyat zuwa Jidda, a miƙe, kimanin kilomita 1,100 ne. Daga filin Jauf da ke kusa da Sakaka kimanin 900. Jirgi yana cin kusan kilomita 800 a awa, in an haɗa da tashi da sauka sai a ce awa biyu ko ƙasa da haka. Wasu manhajojin suna nuna nisan da mil na teku, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, shi ya sa mutum zai ga 590 a maimakon 1,100 ya ɗauka tafiyar kusa ce.

Amma wannan lissafin shi ne mafi ƙanƙanta a tafiyar. Babu filin jirgi a bakin gona. Sai an nemi mota zuwa Ƙurayyat ko Sakaka, tafiyar da kan ci awa biyu ko fiye, gwargwadon lungun da gonar take, sannan a isa da wuri kafin a rufe karɓar kaya, da iƙama (katin izinin zama a ƙasar) mai rai a hannu. Jirgin kai-tsaye kuma ba kullum ake samunsa ba. Sau da yawa tikitin mai araha ta Riyad yake bi: kusan kilomita 1,170 daga Ƙurayyat zuwa can, wasu 850 zuwa Jidda. Tafiya ta koma kilomita dubu biyu ke nan, ga zaman jira a tsakani. Wanda ya sayi tikiti biyu daban-daban don rage kuɗi, in guguwar rairayi ta jinkirta na farko, na biyun ya tashi ya bar shi, kuma kamfanin ba ruwansa. Gara a haɗa su a tikiti ɗaya ko da da ɗan ƙari.

Inda aka fi yin kuskure shi ne mai niyyar Umara. Hanyar jirgi tana sauya masa miƙati. Wanda ya taho kai-tsaye daga arewa, daidai Juhfa kusa da Rabig zai ɗaura niyya, in jirgin bai fara ratsa daidai Zul Hulaifa ta Madina ba. Wanda ya biyo ta Riyad kuwa, miƙatinsa Ƙarnul Manazil ne, wato Sailul Kabir. A gudun jirgi na kilomita 800 a awa, minti ɗaya kilomita 13 ne, babu lokacin shiga bayi a sauya kaya. A sa harami tun a filin jirgi, a yafa riga mai kauri a kai in lokacin sanyi ne (sanyin Jauf ba na wasa ba ne), a kasa kunne ga sanarwa.

Mai zuwa Riyad kaɗai da kaya masu nauyi, ya duba jirgin ƙasa na SAR, kamfanin jiragen ƙasa na Saudiyya, da ya fara kai fasinja Ƙurayyat a 2022. Kusan awa 12 ne, amma ya huta da kuɗin ƙarin kilo na filin jirgi.